Azumin da Na Yi da Cikinki

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Assalamu alaikum.

Ke 'yar nan, ina gaishe ki, ina gaida mijinki da mutanen gidan da kika shiga. Allah ya sa motar da ta ɗauke ki daga Dutse ta sauke ki Miga lafiya, ya sa kin shiga da ƙafar dama, ya tsare ki daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani.

Na cusa takardar nan a ƙasan babbar kwallarki, don na san sai 'yan rakiya sun watse kin zo gyara jere za ki gan ta. Ki yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, duk kamar sawun kaji. Jiya da aka zaunar da ke ana yi miki faɗa, gwaggonninki sun ce ki yi haƙuri, ki yi biyayya, ki zama mai kunya. Ni na sulale na koma madafa, kowa ya ce ai alkunya ce, uwa ba ta tsayawa faɗan auren 'yar fari. Haka ne, amma ba shi kaɗai ya kore ni ba. Da na buɗe baki da na ɓata musu taro, don a kan maganar kunya ni da su mun raba hanya. Kunya ce ta taɓa miki ƙoda tun kina cikina, kuma ina tsoron ki maimaita abin da na yi a kan naki ɗan.

Kin san kina da ciwo, kin san ƙwayar da kike sha kullum da safe. Abin da ban taɓa zama na warware miki ba shi ne inda abin ya faro.

Lokacin da na samu cikinki muna ƙauye, can wajen Buji, a gidan kakarki Inna. Ni yarinya ce mai taurin kai, har yanzu ma babanki bai ce na canza ba. Da na gane ina da ciki sai na ƙara ɗaure zane, na samu babban mayafi ina yafawa ko a tsakar gida. A wurinmu cikin fari ba a faɗarsa, sai dai ya faɗi kansa. Ana haka azumi ya kama, a tsakiyar bazara, irin zafin da kaji ke buɗe baki a ƙarƙashin rumbu. Na san Allah ya sauƙaƙa wa mai ciki, an karanta mana tun muna makarantar allo. Amma na ce a raina, in aka gan ni ina cin abinci da rana, kowa a gidan zai gane dalili, har surukina. Na gwammace in mutu da ƙishi da in ɗauki wannan kunyar. Haka na yi azumin nan kaf, ina daka, ina surfe, ina jan guga, jiri yana ɗibata ina dafa turmi in ce sanyin ƙafa ne.

Kada ki ɗora wa kakarki laifi, Allah ya jiƙanta, ta gane tun da wuri. Ita ma kunyar ce ta riƙe mata baki, sai ta yi maganar da hannu. Kullum rana ta take, in na shiga ɗaki, sai in tarar da ƙwaryar fura a bayan ƙofa, an dama da nono an rufe da faifai. Ba ta taɓa cewa ita ta ajiye ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Ki ji abin da uwarki ta yi. Sai in leƙa in ga babu kowa, in kai wa akuyarmu ta shanye, in wanke ƙwaryar in kife a inda ta saba gani. Inna tana murna surukarta tana sha, ni ina murna na tsare mutuncina. Akuyar nan ta yi ƙiba ta haifi tagwaye a shekarar. Na sha ba da labarin nan ana dariya, yanzu kuwa in na tuna shi abinci fita yake daga raina.

Bayan salla ma ban gyara ba. Sa'o'ina a bakin rijiya suka tsorata ni, suka ce mai cikin fari in ta cika ci, ɗa ya yi ƙato ya ƙi fitowa, sai an kai ta birni an yanka. Sai na daina cin ƙwai, nama in an raba in tura wa wani, tuwo in yi loma kaɗan in tsame hannu. Awo kuwa ko sau ɗaya ban je ba, wa zan ce wa ya kai ni?

Ba a kai ga mayar da ni gidanmu goyon ciki ba kika faɗo. Inna ta ɗauke ki a tafin hannu ɗaya, ta naɗe ki da auduga ta ajiye ki kusa da wuta. Masu zuwa barka suna leƙawa suna cewa bakwaini ce, wasu suna fita suna girgiza kai. Ni kuwa a zuciyata har daɗi na ji da haihuwar ta zo da sauƙi, na ce dabarar 'yan rijiya ta yi aiki.

To ga magana ta farko. Ranar da kika ga wata ya wuce ki, ki faɗa. Ki faɗa wa mijinki, ki faɗa wa uwar mijinki da bakinki, ko da ƙasa za ta tsage ki shige. In azumi ya same ki da ciki, ki tambayi likita, ki tambayi malamai, abin da suka ce ki yi shi a fili, rangwamen Allah ba abin ɓoyewa ba ne. In an ajiye miki fura ki shanye ki nemi ƙari. Duk wadda ta ce ki rage ci don ɗa ya yi ƙanƙanta, ki ce mata uwarki ta gwada.

Kin rayu, cikin ikon Allah, amma kin tashi 'yar firit. Ƙannenki suka zo suka kamo ki a tsawo. Duk taron suna ko biki sai wata ta ce, "Wai yarinyar nan ba kwa ba ta abinci ne?" Gorin nan ya daɗe yana cina.

Da aka ba mu jiha, babanki ya samu aikin tuƙi a wata ma'aikata, muka dawo Dutse muka kama haya. Kin tuna Maman Rifkatu, maƙwabciyarmu Kirista, mutumiyar kudancin Kaduna, wadda ke buga tafireta a ofis? Ita ce ke yi miki kitso ran Asabar, ni kuma in aika mata waina da salla. Kina aji biyar ko shida na fara ganin fuskarki tana cika da safe, kumatu sun fito, ƙafafunki sun yi ɓul-ɓul har takalmin makaranta yana matse ki. Wallahi murna na yi. Na ce alhamdu lillahi, abincin birni ya karɓi yarinyar nan. Har sabon ɗinki na yi miki don in kai ki ƙauye su gani.

Wata Asabar Maman Rifkatu tana miki kitso sai ta kira ni. Ta ce, "Maman Sani, zo ki ga wani abu." Kin san da sunan ƙaninki take kirana, ta riga ta koyi al'adarmu. Ta danna babban yatsanta a ƙwaurinki ta ɗaga, wurin ya lotsa ya tsaya a haka kamar an danna ƙullin fulawa. Ta ce, "Ƙiba ba ta yin haka. Ruwa ne a jikinta, ku kai ta asibiti."

Ni da zafin zuciyata sai na fizgo ki daga gabanta, kitson ma ba a ƙarasa ba. Na ce, "Ke dai kula da naki 'ya'yan. Tun yaushe ake mini gori a kan ramar yarinyar nan, yau Allah ya kawo mata jiki za ki sa mata baki?" Ba ta rama ba, ta tattara mataji ta shige ɗakinta. Na daina gaishe ta. Na karɓo miki rubutu na maganin baki. Da kika fara kukan ciwon kai sai na riƙa sayo miki haɗin ƙwayoyi a kemis, da aka ce ko shawara ce sai na haɗa miki da jiƙo mai ɗaci daga kasuwa ina ɗura miki kina kuka. Na ga fitsarinki yana kumfa kamar an kaɗa sabulu, na ce ai ciwon ne ke fita. Damina ta wuce a haka, aka yi girbi.

Sai ranar da kika tashi da safe idanunki sun rufe ruf don kumburi, kina laluben bango kina cewa, "Yaya, ba na gani." Babanki yana kan hanya da maigidansa. Ihun da na yi ne ya fito da Maman Rifkatu, da kayan ofis a jikinta. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Zanenta ta ɗauko ta goya ki, duk da kin wuce goyo, muka tari mota. A asibiti ma'aikaciya ta ɗaga biro ta tambaye ni sunanki. Ko a wannan halin bakina ya ƙi buɗuwa, na juya na kalli Maman Rifkatu, ita ta faɗa. Daga nan aka tura mu Kano.

Magana ta biyu ke nan. Wanda ya gaya miki abin da ba kya son ji game da jikinki ko na ɗanki, kada ki fara da tambayar ko yana ƙaunarki, ki fara da dubawa. In kin ga fuskarki ta cika da safe, ko zobe ya matse ki, ki danna ƙwaurinki yadda ta yi. Kada ki sha ƙwayar ciwon jiki ta kemis, kada ki sha jiƙo ko wa ya ba ki, ko da uwar mijinki ce, ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya ki gaya mata likita ya hana. Bayan kin haihu za a dama miki kunun kanwa, shi ma ki tambaya kafin ki kai baki. Sannan in kin ɓata wa mutum, ki ba shi haƙuri tun yana kusa. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a da yawa daga cikin Kiristocin garin suka tsorata, Maman Rifkatu ta nemi canjin wurin aiki ta koma gida. Na taya ta ɗaure kaya, na ba ta daddawa da kuka, amma ban ce mata "ki yafe mini" ba har motar ta tashi. Ban san inda take ba yanzu.

A Kano wani dattijon likita ne ya duba ki. Ya sa aka ɗauki hoton cikinki, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya tambaye ni, "Hajiya, da aka haife ta, babba ce ko ƙarama?" Na ce ƙarama ce ƙwarai. Ya ce, "Lokacinta ya cika?" Na ce bai cika ba. Ya gyaɗa kai, ya ce ƙodojinki duka biyu sun yi wa shekarunki ƙanƙanta.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Hausa, kuma ban manta ba ko kaɗan, don kowace kalma a kaina take sauka. Ya ce ƙoda tamkar tarin ƙananan rariya ce, masu yawan gaske, su ke tace jini su fitar da datti. Duk a cikin ciki ake ƙera su, kuma aikin ba ya ƙarewa sai dab da haihuwa. Ya ce akwai wasu sinadarai a jikin jariri, shi ya kira su 'yan aike, su ke kai wa ƙoda umarni: tsiro, yi rassa, ƙara rariya a nan. In uwa tana cikin yunwa da wahala, 'yan aiken nan sukan ragu, aikin ya yi ta jan ƙafa. In kuma aka haifi ɗa kafin lokaci, ba a daɗewa ake rufe aikin. Abin da yaro ya samu shi ke nan rabonsa, ba a ƙara masa ko ɗaya har ya tsufa.

Na ce, "Likita, yanzu in na ba ta abinci mai kyau ba za su ƙaru ba?" Ya ce, "Za ta ji daɗin jikinta, amma ba za su ƙaru ba." Ya ce da jikinki ya girma, 'yan aiken nan ne dai suka sa 'yan rariyar da kike da su suka buɗe suka ɗauki aikin waɗanda babu. Yau da gobe suka gaji, suka fara yoyo, abin da ya kamata ya tsaya a jini yana zuba cikin fitsari, shi ne kumfar da na gani, shi ne kuma kumburin. Inda rariya ta ji rauni, su ne kuma ke zuwa gyara, sai dai in raunin ya yawaita gyaran nasu tabo yake zama, tabo kuwa ba ya tace komai. Ya ce ƙwayoyin kemis da jiƙon da na ba ki sun ƙara wa abin nauyi. Har ɗashewar da kike yi ya ce daga nan take, don ita ma ƙoda tana da nata saƙon da take aika wa ɓargo ya yi jini.

Sai na gaya masa labarin azumin da furar. Ya ce ba zai iya rantsuwa cewa wannan kaɗai ne dalili ba, akwai matan da suka ci suka ƙoshi aka haifi 'ya'yansu haka, kada in kashe kaina da tunani. Na san gaskiya ya faɗa, na kuma san komai da ƙaddarar Allah. Amma ni na riƙe ƙwaryar nan da hannuna na miƙa wa akuya. Ina baƙin ciki, 'yar nan, baƙin cikin da bai ragu ba har yau.

Likitan ya ɗora ki a kan ƙwayar da kike sha, kumburi ya sauka, kika koma makaranta, kika gama. Amma akwai abin da ya gaya mini a zuwanmu na ƙarshe, ya aike ki waje kafin ya faɗa. Ya ce ƙwayar nan tana kare ƙodarki, amma in mace ta ci gaba da shanta da ciki tana iya ɓata ƙodar jaririn da ake ƙerawa. Ya ce kafin a yi miki aure in dawo da ke, da mijin in zai yiwu, a canza magani, a tsara yadda za a lura da hawan jininki, don ciki nauyi ne babba a kan ƙoda irin taki.

Nan ne kuskurena na uku, kuma shi ne bai riga ya wuce gyara ba. Da yaron nan ya fito neman aurenki, malamin makaranta mai hankali, ke kina sonsa shi yana sonki, sai tsoro ya kama ni. Na ce in danginsa suka ji kalmar ƙoda za su ja da baya, a ce 'yar gidan wane mai ciwo ce. Ni na ce miki ki yi shiru. Ni na juye miki ƙwayar a gwangwanin hoda don kada 'yan jere su gani. Babanki ya ce a gaya wa waliyyin yaron, na hana shi sakat har ya haƙura. Kano kuwa na ce sai bayan biki, don in aka gan mu a hanyar asibiti ana saura kwanaki ɗaurin aure za a yi tambaya. A Islamiyyar matan aure malamarmu ta taɓa karanta mana cewa ɓoye ciwo a maganar aure ba daidai ba ne, ina zaune na ji, na dawo gida ban canza komai ba. Sai jiya da na ji ana ce miki ki zama mai kunya, na hango ki a gidan mutane, da ciki, kina ɗaure zane, kina haɗiyar ƙwayar nan a ɓoye wata bayan wata. Shi ya sa na tashi na koma madafa.

Saboda haka na janye maganata. Ki fito da maganin daga gwangwanin hoda ki ajiye a inda mijinki zai gani. Kada ki daina sha da kanki, wannan ma haɗari ne, likita ne zai canza. Cikin satin nan ki gaya masa komai, ku shirya ku tafi Kano tun ciki bai shiga ba. In bakinki ya yi nauyi, na san jinin wa kika ɗauko, ki miƙa masa takardar nan ya karanta. Ya sani ba ke kika ɓoye masa ba, ni ce, in zai yi fushi ya yi da ni. Na gaya wa babanki da safen nan ya je ya samu iyayen mijinki, ya kalle ni ya ce, "Sai yanzu?" Na ce sai yanzu, ya sa hularsa.

Ina kyautata wa yaron nan zato. Amma in abin ya zo da akasi suka ce ba za su iya ba, kada ki tsaya kina roƙo kina kuka a tsakar gidan mutane. Ɗakinki yana nan ban taɓa komai ba. Surutun unguwa ni zan ɗauka, na fi son in gan ki a gabana da ranki.

Sauran abubuwan kin san su. Ki rage gishiri da dunƙule ko da za a ce miyar amarya lami ce. Ki riƙe sallarki. Ki girmama uwar mijinki, kuma in ta yi miki magana da hannu irin ta Inna, ke ki amsa mata da baki.

Abu ɗaya ya rage. Tun ranar da aka raɗa miki suna ban taɓa faɗarsa ba. Ke nake cewa, ko 'yar nan, ko yayar su Sani. Ke ma kin tashi kina ce mini Yaya kamar ba ni na haife ki ba, kuma mutane suna yaba mini, wai na iya alkunya. Na gaji da wannan yabon. Ɗazu da na zo nan a rubutun na ajiye biro, na rufe ƙofa, na faɗe shi da ƙarfi ni kaɗai a ɗaki, sai na ji ashe suna ne mai daɗi a baki.

Safiya. Safiyata. Ki yafe mini.

Ranar da kika samu ciki, bayan mijinki da likita, ni za ki aiko wa, kuma ki faɗa da sunansa, ki ce Yaya ina da ciki. Zan hau mota in zo Miga da rana tsaka, in dama miki fura da hannuna, in zauna a gabanki har sai na ga ƙasan ƙwaryar.

Allah ya tsare ki a gida da hanya, ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa zuriyarki su zo duniya a cike da halittarsu. Ya haɗa kanku ke da mijinki, ya sa in ji alheri daga gare ku. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Wassalamu alaikum.

Ni ce mahaifiyarki.